Saura mako 14 tseren Legas: a koma siririn takalmi yanzu, ko a dakata?

Nura Jega: Assalamu alaikum. Koci da sauran manya, ga tambaya. Mai gudun kilomita 40 a mako da takalmi mai kaurin soso, yana shirin gudun famfalaki na Legas a watan Fabrairu, saura mako 14. Ana ta yabon siririn takalmin nan marar tudun diddige, wai yana ƙarfafa ƙafa kuma yana raba mutum da ciwon gwiwa. Ya dace ya koma masa yanzu? In ya dace, ta ina zai fara?

Baba Ɗan Kabi: Wa alaikumus salam. Ɗana, ni ban ga abin tsoro ba. Ƙahwar da tat tashi cikin silifas da takalmin taya, tat taka burji tat taka gona, mi za ta koya ga siririn takalmi? Turawa ne ka buƙatar sabo, su da aka rene cikin takalmi mai tudu. Abebe Bikila na Habasha ba takalmi yac ci tseren Olamfik na Rum a 1960, awa 2 da minti 15 da daƙiƙa 16.

Koci Garba: Baba, Allah ya ƙara girma, rabin maganarka gaskiya ce, ɗaya rabin kuma shi ke kwantar da 'yan gudu. Bari mu fara daidaita suna, don abu biyu ake cakuɗawa. Na farko kaurin ƙasan takalmi, wato abin da ke tsakanin tafin ƙafa da kwalta. Na biyu gangare, wato yadda diddige ya ɗara gaban ƙafa tsayi. Takalmin gudu na yau da kullum yana da gangaren milimita 8 zuwa 12, kamar Nike Pegasus mai 10. Saucony Kinvara 4 ne. Yawancin Altra sifili ne, amma da soso mai kauri a ƙasa. Irin su Merrell Vapor Glove da Vibram FiveFingers mai yatsu biyar kuwa sifili ne kuma ba soso, 'yar roba ce kawai. Waɗannan na ƙarshe ne siririn takalmi na ainihi.

In ka rage gangare, agara da naman sha-raɓa ne za su ɗauki ƙarin aiki. In ka rage soso, ƙasusuwan tsakiyar ƙafa ne za su sha duka. In ka rage duka biyun rana ɗaya, ka ɗora wa jaki kaya biyu a tudu. Nura, amsarka a gajarce: kada ya sauya takalmin dogon gudu yanzu. A makonni 14 ɗin nan zai ɗaga kilomita daga 40 zuwa wajen 55 ko 60, dogon gudunsa na mako zai kai 30 zuwa 32. Wannan kaɗai sabon nauyi ne ga ƙafa.

Bikila kuwa, Baba, da ya sake cin tseren a Tokiyo a 1964, da takalmi ya yi, kuma ya fi sauri: awa 2 da minti 12.

Likita Hadiza (Fisiyo, mai gashi da motsa gaɓoɓi): Baba, ina neman afuwa, ina bayan Koci. Tafiya daban, gudu daban. A tafiya kullum ƙafa ɗaya na ƙasa, nauyin da ke sauka bai wuce nauyin jiki da kaɗan ba. A gudu kowane taku tsalle ne, yana sauke ninki 2 zuwa 3 na nauyin jiki a kan ƙafa ɗaya. Mai taku 170 a minti, a awa ɗaya ya yi taku 10,200. Silifas ya ba mu fata mai kauri da yatsu a baje, wannan riba ce, ba na musu. Amma wanda ya shekara biyu ko uku yana gudu da gangaren milimita 10, agararsa ta saba da wannan tallafin a lokacin gudu, ko da ya wuni cikin silifas.

Matsalar ita ce gaɓoɓi ba sa sabo tare. Huhu da zuciya 'yan makonni sun ishe su. Nama ma haka. Agara da ƙashi sai watanni. Ƙashi kuma kafin ya ƙara ƙarfi sai jiki ya fara zaizaye tsohon ya gina sabo, a tsakanin nan ya fi rauni. Shi ya sa mutum zai ji numfashinsa lafiya lau, ya ƙara kilomita, sai a mako na huɗu ko na shida bayan ƙafa ya kumbura.

An gwada wannan. A 2013 masu bincike a Jami'ar Brigham Young ta Amurka sun sa 'yan gudu sun koma Vibram FiveFingers cikin mako 10, suka ɗauki hoton MRI kafin da bayan. Mutum 10 cikin 19 sun nuna taruwar ruwa a ɓargon ƙasusuwan ƙafa, alamar ƙashi ya jigata. Kuma waɗannan a hankali aka ce su bi.

Malam Isiya Zuru: Likita, to ina binciken Jami'ar Harvard da ake kafa hujja da shi?

Likita Hadiza (Fisiyo): Malam, yana nan. Daniel Lieberman da abokan aikinsa ne, a 2010. Sun auna 'yan gudu a Kenya da Amurka, suka ga waɗanda suka saba gudu ba takalmi sun fi sauka da gaban ƙafa, kuma hakan na rage girgizar farko da ake samu in diddige ya doki ƙasa. Iyakar abin da suka auna ke nan. Ba su ƙirga masu jin rauni ba. Daga baya ma an duba mutanen Daasanach na arewacin Kenya, su ma ba takalmi, aka tarar yawancinsu da diddige suke sauka in suna sassarfa. Nauyin ba ya ɓacewa, wuri yake sauyawa: gwiwa ta ɗan huta, idon sawu da agara su karɓa. Mai fama da ciwon gaban gwiwa zai iya amfana. Mai tsohon ciwon agara ko ciwon tafin ƙafa na safiya, gara ya nisanta. Kamfanin Vibram kansa a 2014 ya yarda ya biya dala miliyan 3.75 don kashe ƙarar da aka shigar a kan alƙawarin lafiyar da ke cikin tallansa.

Baba Ɗan Kabi: To na ji. Amma hwa ku yarda, takalmin nan mai kama da katihwa shina kashe yatsu. Yaro shina gudu bai san inda ƙahwarsa ka sauka ba.

Koci Garba: Nan kam na ba ka gaskiya, Baba, musamman mai matsattsen baki. Shi ya sa ban ce a jefar da siririn takalmi ba. A ɗauke shi kamar ƙarfen motsa jiki: ana ɗagawa a ajiye, ba a wuni da shi a kafaɗa.

Nura, kafin ya taɓa gudu da shi, ya yi gwaji uku a gida. Ya tsaya da ƙafa ɗaya, yatsa ɗaya a bango don kada ya faɗi, ya ɗaga diddige har ƙarshe ya sauke a hankali. Ana son 25 a jere a kowace ƙafa. In ya tsaya a 12 ko 15, ko ƙafa ɗaya ta gaza ɗaya da fiye da biyar, bai shirya ba. Na biyu, ya fuskanci bango, babban yatsa santimita 10 daga bango, ya tura gwiwa ta taɓa bangon ba tare da diddige ya tashi ba. In ba ta kai ba, idon sawu a ɗaure yake, takalmi marar gangare zai ja agara fiye da kima. Na uku, tsayuwa da ƙafa ɗaya ba takalmi daƙiƙa 30, babban yatsa a manne da ƙasa.

Abin da zai iya yi daga yanzu zuwa Fabrairu ba tare da ya taɓa shirin tsere ba: ya riƙa yawo da siririn takalmin, minti 30 a rana a makon farko, ya kai awa ɗaya zuwa biyu a mako na uku. Ɗaga diddige sau 15, zagaye 3 da gwiwa a miƙe, zagaye 3 da gwiwa a ɗan lanƙwashe, kwana uku a mako. Na lanƙwashen ne mutane ke tsallakewa, alhali shi ke kama naman cikin sha-raɓa wanda ya fi ɗaukar nauyi a gudu. In 15 ta yi sauƙi, ya goya jaka da kilo 5, daga baya 10. Mako biyu kafin tsere ya rage wannan duka.

Nura Jega: Koci, bayan tseren fa? Ina son lissafin dalla-dalla.

Koci Garba: Ya huta mako biyu zuwa uku tukuna. Sannan ya fita gudu mai sauƙi da tsohon takalminsa, in saura minti 5 ya gama ya sauya zuwa siririn. A ƙarshe, ba a farko ba, don kada daɗin sauƙin takalmi ya ja shi ya zarce. Sau biyu a mako, da kwana biyu a tsakani. Mako biyu a haka. Daga nan minti 10, sai 15, sai 20, kowane mataki mako biyu. A watan farko siririn takalmi kada ya wuce kashi 10 cikin 100 na kilomitar mako: mai 40, kilomita 4 ke nan, a raba biyu. Mako na huɗu ko na biyar a koma baya rabi, ƙashi ya cim ma nama. Gudun sauri, gangaren tudu da dogon gudu su ne na ƙarshen shiga, ba kafin wata huɗu zuwa shida ba. Wasu sai shekara, wasu kuma har abada rabi da rabi ya fi musu, kuma ba aibi ba ne.

Kuskuren da ya fi yawa shi ne ɗage. An ce musu a sauka da gaban ƙafa, sai su riƙa gudu a kan yatsu kamar mai satar shiga ɗaki, diddige ba ya taɓa ƙasa. Kwana biyu sha-raɓa ya ƙulle. Diddige ya riƙa sumbatar ƙasa a kowane taku. Abin gyarawa shi ne tsawon taku: ƙafa ta sauka kusa da ƙarƙashin jiki, kada a miƙa ta can gaba. Ya ƙirga saukar ƙafar dama cikin daƙiƙa 30, ya ninka sau 4. In ya samu 156 ko 160, ya ƙara kashi 5 cikin 100, wato taku 8, ya zauna a nan wata guda. Kada ya yi tsalle zuwa 180 don an ce lambar manya ce.

Malam Isiya Zuru: Ni dai ina da ja a kan tsarin nan. Me zai hana a sauka ta tsani? Daga gangaren 10 zuwa 6 ko 4 mai soso, wata uku, sannan sifili mai soso, sannan siririn. Kowane mataki abu ɗaya ne ya sauya.

Koci Garba: A takarda tsarinka ya fi kyau, Malam. Aljihu ne ba zai yarda ba: takalmi uku ke nan kafin a kai inda za a je. Wanda ke da hali ya bi naka. Wanda ba shi da shi, minti 5 ɗin nan shi ne tsaninsa.

Malam Isiya Zuru: To na ƙara da maganar ƙasa, don littattafan Turawa ba su san tamu ba. Suna cewa a fara a ciyawa. Ciyawarmu bayan damina ƙarangiya ce da tsidau, kuma ƙayar tsidau tana huda robar milimita 4 kamar ba komai. Burji mai tsakuwa yana ƙuje ƙarƙashin gaban ƙafa, duwatsun wajenmu na Zuru ma ba a magana. Rairayin fadama irin na Argungu yana da laushi, amma diddige na nutsewa ƙasa da yatsu, agara ta miƙe fiye da yadda take yi a kwalta, don haka shi ne mafi muni ga mai farawa. Abin da ya fi shi ne daddaɓaɓɓen fili mai santsi da aka share, ko kwalta mai kyau. Ƙasa mai tauri tana gaya wa ƙafa gaskiya nan take, sai mutum ya sassauta taku da kansa. Na Birnin Kebbi su duba filin Haliru Abdu ko filin ƙwallon makaranta, amma a zaga da ƙafa a duba kwalba da ƙusa kafin a fara.

Lokaci kuma bayan sallar asuba. A Maris da Afrilu zafi na wuce digiri 40, kwalta kuma ta fi iska zafi nesa ba kusa ba. Siririyar roba ba ta tare shi, bororo zai fito a tafin ƙafa ko da safa.

Alhaji Mai Kambas: Salamu alaikum. Ku bar ni in yi maganar kasuwa, tunda yawancin 'yan gudunmu gwanjo suke saye. Kada a duba saman takalmi, a kifa shi. In robar diddige ta cinye gefe ɗaya har soso ya fito, a ajiye. A ɗora shi a kan tebur a dube shi ta baya: in ya karkata, ya riga ya ɗauki takun wani. A danna soson da babban yatsa daga ciki bayan an cire shimfiɗar. Mai rai yana dawowa, matacce yana da tauri kamar katako kuma gefensa duk tamoji. Takalmin gudu kilomita 500 zuwa 800 yake yi, na gwanjo kuma ba wanda zai gaya maka nawa ya ci. A lanƙwasa shi: ya karye a gindin yatsu, ba a tsakiya ba. A ja bakin roba da farce a ga ko gam ya fara saki.

Gangare kuma ba a auna shi da ido daga waje, don bangon soson yakan hau sama ya rufe diddige, sai ka ɗauka tudu ne. A cire shimfiɗa, yatsa ɗaya ciki ɗaya waje, a matsa a diddige, a matsa a gindin yatsu, za a ji bambancin. Ko a karanta sunan samfurin a harshen takalmin a nema a intanet. Jabu sun yi yawa, kuma na jabu sosonsa yakan yi nauyi ya mutu da wuri.

Awo: a zo da yamma, ƙafa ta kumbura, da safar da za a yi gudu da ita. A tsaye, a bar faɗin babban yatsan hannu, wajen santimita 1 zuwa 1.5, gaban yatsan da ya fi tsawo, wanda ba lallai babban ba ne. Lamba 42 ta wannan kamfani ba ita ce 42 ta wancan ba, a bi santimitar da ke rubuce a ciki. Hanya mafi sauƙi ta gane faɗi: a ciro shimfiɗar a taka ta a ƙasa. In ƙaramin yatsa ya zubo waje, takalmin ya matse, komai kyansa. Ƙafafunmu na masu silifas sun fi faɗi, nan ne baƙin farce ke farawa.

Nura Jega: Alhaji, kambas ɗin makaranta mai shafaffen ƙasa fa? Ai shi ma ba tudu.

Alhaji Mai Kambas: Ba tudu, amma bakinsa a tsuke yake, robarsa da nauyi kuma ba ta lanƙwasuwa yadda ya kamata. Siririn takalmi na gaske ana iya naɗe shi kamar tabarma. Don yawo kambas ya isa. Don gudu a'a.

Likita Hadiza (Fisiyo): Ga alamomin da ya kamata kowa ya haddace. Tsamin sha-raɓa a ƙafa biyu, wanda ke lafawa cikin kwana biyu, ba komai. Taurin agara da safe wanda ya wuce minti 10 zuwa 15, ko yake ƙaruwa kullum, a koma matakin baya. Ciwo a wuri ɗaya a bayan ƙafa da za a iya nunawa da yatsa ɗaya, yawanci a kan ƙashin yatsa na biyu ko na uku, da ɗan kumburi, kuma ba a iya tsalle da ƙafar: a daina gudu ranar, a je asibiti. Tsagewar ƙashi ce har sai an tabbatar ba ita ba ce. Hoton ƙashi sau da yawa ba ya nuna ta a mako biyu zuwa uku na farko, don haka in an ce hoto lafiya kuma ciwon na nan, a sake ɗauka. Takan ɗauki mako 6 zuwa 8. In ciwon a gefen waje ne, gindin ƙashin ƙaramin yatsa, ko a saman ƙafa kusa da idon sawu ta ciki, waɗannan wurare jini bai wadace su ba, ba sa warkewa da wasa. Kada a kai wa mai ɗori ya murza.

Abu biyu da ba a cika faɗa ba. Ciprofloxacin da danginsa, da ake yawan sha don taifot, suna raunana agara har ta iya tsinkewa, kuma haɗarin na iya ɗaukar makonni ko watanni bayan an gama sha. Wanda ya sha kwanan nan ya ɗage sauya takalmi da gudun sauri, ya gaya wa likitansa shi ɗan gudu ne. Sannan shan diclofenac ko ibuprofen kafin gudu don a danne ciwo: yana ɓoye gargaɗin, kuma ga zafi ga ƙishirwa, ƙoda ce ke biya. Mai ciwon suga da ƙafarsa ta fara mutuwar ji kuwa, siririn takalmi ba nasa ba ne sam.

Baba Ɗan Kabi: Likita, ki ƙara da faso, ga hunturu shina shigowa.

Likita Hadiza (Fisiyo): Gaskiyarka, Baba. A jiƙa ƙafa minti 10 da dare, a goge kaushin da dutse kaɗan kaɗan, a shafa man kaɗe ko basilin, a kwana da safa. Kada a yanke da reza. Fason da ya buɗe yana sa mutum ya kauce wa diddige bai sani ba, nauyin ya koma gaba, inda ba a so.

Malam Isiya Zuru: Koci, ranar tsere fa? Yara na ganin takalman Kipchoge suna sha'awa.

Koci Garba: Abin dariyar ke nan, manyan duniya sun juya wa siririn takalmi baya. Eliud Kipchoge ya yi awa 1 da minti 59 da daƙiƙa 40 a Biyana a Oktoban 2019 da takalmi mai tulin soso, har a 2020 hukumar wasannin guje-guje ta duniya ta ƙayyade kaurin takalmin titi a milimita 40 da farantin kabon ɗaya, wato faranti mai tauri da ake sawa cikin soso. Sauƙin nauyi yana taimako, kowane giram 100 a ƙafa yana cin wajen kashi 1 cikin 100 na ƙarfi, amma soso mai kyau na maido da abin da ya ci. Shi ma irin wannan sabon abu ne ga ƙafa, ba a fara shi ranar tsere.

Na Nura ya yi tsere da takalmin da ya riga ya ci kilomita 60 zuwa 150, ya yi dogon gudu biyu da shi, da safar da aka gwada. In nasa na yanzu zai wuce 700 kafin Fabrairu, ya sayi irinsa a Disamba ya riƙa musanyawa. Legas da laima, gumi na gangarowa cikin takalmi, safar auduga ta jiƙe ta goge fata. A nemi ta roba marar kauri, a shafa basilin tsakanin yatsu.

Alhaji Mai Kambas: Kuma in diddige na zamewa, ba ƙaramar lamba ake nema ba. Akwai ramin ƙarshe a sama da kowa ke bari. A zura igiyar kowane gefe a raminsa ta yi 'yar kunne, a tsallaka da bakin igiyar ta cikin kunnen ɗaya gefen, a ja ƙasa, a ɗaure. In an wanke, ruwan sanyi da sabulu, a cire shimfiɗa, a cusa tsohuwar jarida, a shanya a inuwa. Ranar Kebbi da but ɗin mota suna narkar da gam su busar da soso.

Nura Jega: Na gode, Allah ya saka. Koci, ɗaga diddigen nan, ranar dogon gudu za a yi ko washegari?

Koci Garba: Ranar gudu mai wuya, da yamma, bayan an gama, don ranar hutu ta zama hutu na gaske. Kwana ɗaya kafin dogon gudu kuma kada a yi shi.